Kasoa ko Madina? Ka gwada hanya da sabis kafin ka biya kuɗin haya

Wani ƙanenmu daga Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya. Ya samu aiki a wani ofis da ke Airport City a Accra. Kwana uku a mako zai je ofis, kwana biyu zai yi aikin daga gida da kwamfuta. Matarsa tana sayar da atamfa da turare ta WhatsApp da TikTok. Dillali ya nuna masa hoton ciki da falo a Kasoa, ya ce kuɗinsa bai kai rabin na Madina ko Maamobi ba. Yana son ya san ko ya kama, kuma wane irin intanet zai sa a gida da ba zai cinye masa albashi ba.

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa wa aikin albarka. A Nima aka haife ni, kuma na daɗe ina cin abinci da jan waya da haɗa intanet a gidaje da shaguna. Yawancin wuraren aikin da trotro, ƙananan bas ɗin haya, nake zuwa, jakar kayan aiki a cinya. Saboda haka duk abin da ka tambaya na sha shi, wani a jikina, wani a jikin masu kirana.

Ka aiko tambayar gida daban, ta intanet daban, ba ka ma ambaci kuɗin mota ba. A aljihunka kuwa lissafi ɗaya ne. Ɗakin da ka kama shi zai yanke maka mota nawa za ka hau kullum, shi zai yanke maka kamfanin da sabis ɗinsa zai shigo inda kake kwana. Abin da ke sa maganar ta yi nauyi shi ne kuɗin gaba. Dokar haya ta 1963 ta ce mai gida ba zai karɓi fiye da na wata shida ba, amma kai ma ka san yadda ake yi: shekara ɗaya in ka yi sa'a, galibi biyu. Ofishin Rent Control yana nan, sai dai ban taɓa ganin mai neman ɗaki ya kai mai gida ƙara tun kafin ya riƙe makulli ba. Layin waya in bai yi maka ba, gobe ka jefar ka sayi wani. Ɗaki in bai yi ba, kana ciki wata ashirin da huɗu.

Mu fara da hanya, don nan ne Accra ta fi bambanta da abin da ka saba. A Aboabo ka hau pragya, keke mai ƙafa uku, ko ma ka taka da ƙafa, ka samu kanka a Kejetia ko Adum. Nan ba a auna nisa da kilomita, da yawan mota ake aunawa. In aka gaya maka sunan unguwa, abin da za ka fara tambaya shi ne: daga nan zuwa tashar mota ta 37 ko mahaɗar Airport, mota nawa ce? Kowane sauka da sake hawa sabon kuɗi ne, sabon layi ne, kuma sabuwar kokawa ce a bakin ƙofar Sprinter.

Kasoa gari ne namu, sunan ma daga kasuwa aka samo shi, kuma akwai zango da masallatai da 'yan'uwa fal. Ba raina shi nake ba. Amma ba ma a jihar Greater Accra yake ba, a Central yake, kusan kilomita 30 daga tsakiyar birni, kuma babbar hanya ɗaya ce ke kwaso mutanensa da na Buduburam da duk masu tasowa daga Winneba da Cape Coast. Ta Old Barrier da SCC da Weija za ka bi har Mallam Junction. Nan hanya ta rabu, ko ka nufi Kaneshie da Circle, ko ka hau babban titin N1 ta Lapaz zuwa Tetteh Quarshie. A Nuwamban 2021 gwamnati ta dakatar da karɓar kuɗin hanya, mutane suka ɗauka cunkoson da ake yi a shingen Kasoa ya ƙare. Cunkoson ya matsa gaba kaɗan ne kawai, ya ci gaba da harkarsa. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa, yashi da laka kan gangaro daga tuddan wajen SCC su kwanta a kan kwalta, hanya mai layi uku ta koma ta mota ɗaya. Ma'aikatan Kasoa da na sani, da yawansu a tasha ko a kusa da ofis suke sallar asuba. Yaransu suna barci suke fita, suna barci suke dawowa.

Akwai kuma abin da dillali ba zai gaya maka ba, wanda fasinjoji ke kira shot-shot. Da yamma, lokacin da mutane suka fi motoci yawa, direban da ya kamata ya yi lodin Kasoa kai tsaye sai yaron motarsa, wanda muke kira met, ya leƙo ya ce Mallam kawai. A Mallam kowa ya sauka, motar ta ɗan matsa, met ya sake kiran Barrier. A Barrier a sake lodin Kasoa. Mota ɗaya, kujera ɗaya wani lokaci, amma ka biya sau uku, kuma jimillar ta fi kuɗin da ƙungiya ta ƙayyade. A cikin tasha ba su cika yin haka ba don shugabannin ƙungiyar direbobi ta GPRTU suna kallo, shi ya sa layin tasha kan yi tsawo har ya zagaya. Ka zaɓa: ko ka biya da kuɗi a bakin titi, ko ka biya da ƙafafunka a layi.

Shi kansa kuɗin motar ba a tsaye yake ba. Tun 2015 aka sake farashin mai ya bi kasuwa, sau biyu a wata ake sake duba shi. In ya tashi sosai, GPRTU da sauran ƙungiyoyin direbobi su zauna da ma'aikatar sufuri a fitar da kaso. A 2022, shekarar da sidi ya sha ƙasa, sau uku aka ƙara kuɗin mota kafin a ɗan rage a Disamba. A Mayun 2025 da sidi ya farfaɗo aka rage kashi 15. Ka lura da abu biyu. Ƙari yana fara aiki tun daren da aka sanar, ragi kuwa sai an yi kwanaki ana cacar baki da met. Na biyu, tunda kaso ne, mai doguwar tafiya shi ya fi jin ƙarin. Kashi 20 a kan tafiyar Maamobi zuwa 37 canji ne. Kashi 20 a kan mota uku zuwa, uku dawowa, kuɗin cefane ne.

Ka yi lissafin da kanka da farashin ranar da ka zo. Kwana uku a mako kusan kwana 13 ne a wata. Ka haɗa abin da ka kashe zuwa da dawowa a rana ɗaya, ka ninka sau 13. Ka ƙara ranaku biyu ko uku da za ka makara ka ɗauki okada ko Bolt dole, don za su zo. Ka ƙara abincin da za ka saya a waje, tunda wanda ya fita ƙarfe biyar saura bai karya a gida ba, koko da ƙosai da waakye na bakin ofis kuma ba farashin zango ba ne. Abin da ya fito ka ɗora a kan hayar Kasoa, sannan ka kwatanta da ta Madina. Wani lokaci Kasoa za ta ci gaba da zama mai sauƙi a takarda. Sauran abin da takarda ba ta ɗauka shi ne awa huɗu ko biyar na ranarka.

Madina mota ɗaya ce. Trotron da ke tasowa daga can zuwa Accra ko Circle ta Legon da Shiashie da Tetteh Quarshie suke bi, su wuce ta gaban Airport su kai 37. Akwai cunkoso, musamman daga Okponglo zuwa Shiashie, amma ka zauna sau ɗaya ka sauka sau ɗaya. Maamobi da Nima da New Town sun fi haka kusa. Daga Kawukudi zuwa 37, ranar da motoci suka ƙi, mai ƙarfin ƙafa yana iya takawa. Abin da za ka sadaukar a nan shi ne fili: ɗaki ƙarami, tsakar gida na kowa da kowa, wani gidan banɗaki ma sai an bi layi.

Kada ka gina tsarinka a kan manyan bas. Metro Mass, wadda har yau wasu ke kira bas ɗin Kufuor don a zamaninsa aka kafa ta a 2003, tana nan tana aiki. Aayalolo ta zo a 2016 da niyyar a ware mata layinta ita kaɗai daga Amasaman zuwa tsakiyar gari, amma ba a kammala ware layin yadda aka tsara ba, sai ta shiga cunkoso ɗaya da kowa. In ka same su a hanyarka da safe ka hau, sun fi sauƙi kuma sun fi wurin zama. Amma trotro ne ke ɗauke da garin nan. Okada kuwa, dokar hanya ta 2012 ta taɓa hana haya da babur, amma kowa ya ci gaba da hawa, har waɗanda ya kamata su hana. In za ka hau ka nemi hular kwano, kada ka bari ya bi da kai tsakanin tireloli a N1. Uber da Bolt da Yango na ranar larura ne, kuma ka sani da hadari ya haɗo farashinsu ke tashi.

Tunda na ambaci ruwa, duk ɗakin da aka nuna maka ka duba gindin bangon waje. In ka ga layin laka ko sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ko an gina ɗan shinge a bakin ƙofa sai an tsallaka a shiga, ruwa na shiga gidan. Gefen kogin Odaw, wato Alajo da Avenor da Circle, da bakin babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, da ƙasan madatsar Weija, duk a yi hattara. Mu da muka ga daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a gidan mai na Circle mutum sama da 150 suka rasu, ba ma wasa da ruwan Mayu da Yuni. Allah ya jiƙansu.

To, intanet. Bari in fara da wani mutum da na yi wa aiki, don labarinsa ya fi bayanina. Ya biya shekara biyu a wani gida mai kyau a sabuwar unguwa bayan gari, tayil har bango. Ya kira ni in haɗa masa faiba, wato intanet ɗin da ake jawo wayarsa har cikin gida. Na je na bi turakun waya ina dubawa, ashe akwatin ƙarshe na kamfanin yana can bakin babban titi, tsakaninsa da gidan tafiya ce mai nisa, kuma kamfanin ya ce ba zai ja waya don mutum ɗaya ba. Muka koma kan rauta mai layin waya, wato na'urar da ake sa wa layi ta raba intanet a gida. A tsakar gida sabis cike, a falo sanda biyu, a ɗakin da ya shirya teburin aiki babu komai. Ƙarshenta sai da muka kafa eriya a kan rufi muka jawo waya ciki, ya kashe abin da bai shirya ba, kuma duk da haka da dare sai haƙuri. Da ya shiga ɗakin da wayarsa minti goma kafin ya biya, da ya san duk wannan kyauta.

Dalilin shi ne intanet na layin waya rabo ake yi. Dogon ƙarfen sabis ɗin unguwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa suna ɗiba daga tukunya ɗaya. Sandunan da kake gani a saman waya ƙarfin siginar suke nunawa, ba su gaya maka mutum nawa ke cin tuwon tare da kai. Shi ya sa a Nima za ka ga sanda cike amma bidiyo na tsayawa bayan isha, lokacin da kowa ya dawo gida ya buɗe TikTok. A sababbin unguwannin bayan Kasoa kuma matsalar daban ce: gidaje sun riga ƙarafan sabis isa wurin. Sannan bangon bulo mai kauri da rufin kwano da ƙarfen taga duk suna cin sigina.

Gwajin ba shi da wuya. Ka je ɗakin tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare, da layuka biyu ko uku na kamfanoni daban, ko ka ara na abokai. Ka shiga inda za ka ajiye tebur, ka rufe ƙofa da taga. Ka kira wani a Kumasi kiran bidiyo na minti goma sha biyar, ka tambaye shi ko hotonka yana daskarewa. In kana da manhajar auna gudu, kada babbar lambar saukewa ta ruɗe ka, ka dubi ta turawa. Taron ofis da kai tsayen da matarka za ta yi a TikTok duk turawa suke buƙata, kuma ita ce ke fara mutuwa in layi ya cika. Megabit biyar na turawa da ba ya yankewa ya fi maka hamsin na saukewa mai zuwa da tafiya. In dillali ya ce ba za a iya buɗe ɗaki da dare ba, ka tsaya a bakin tagar, ka kuma tambayi 'yan hayan gidan layin da suke amfani da shi. Su ba su da riba a yi maka ƙarya.

Kamfanonin uku ne a hannunka. MTN shi ne babba, har hukumar sadarwa ta NCA ta ayyana shi a 2020 a matsayin wanda ya mamaye kasuwa, abin da ya sa take sa ido a farashinsa don kada ya karya shi ya kashe sauran. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna mamakin me ya sa mai yawan kwastoma bai fi kowa araha ba. Telecel shi ne tsohon Vodafone, wanda shi ma tsohon Ghana Telecom ne. An sayar da kaso 70 a 2023, aka sauya suna a 2024, kuma shi ya gaji wayoyin ƙasa na tun da. AT shi ne AirtelTigo da gwamnati ta karɓa a 2021. Ba zan ce maka wane ya fi ba, don amsar takan canza daga lungu zuwa lungu. Na ga gida biyu suna kallon juna, kowanne da layin da ke masa aiki daban.

Farashi kuwa, abin da ya fi cutar talaka shi ne sayen data kaɗan-kaɗan. Sidi biyar yau, goma gobe, a ƙarshen wata ka kashe kuɗin babban bandul amma ba ka samu rabin gigarsa ba. Daga 1 ga Yulin 2025, bayan zaman da ministan sadarwa Sam George ya yi da kamfanonin, aka ƙara yawan datar kowane bandul ba tare da ƙara kuɗi ba, kashi 15 a MTN, kashi 10 a Telecel da AT. A lokacin ne bandul ɗin MTN na sidi 399 ya koma giga 214. In ka raba, giga ɗaya bai kai sidi biyu ba. Ka ɗauki ƙaramin bandul ɗin da ka saba saye ka yi masa irin wannan rabon, za ka ga inda kuɗinka ke zuwa. Ko yaushe da kuɗin giga ɗaya ake kwatanta tayi da tayi, sai kuma a duba ko datar tana da ranar mutuwa. Wanda aka rubuta masa "ba iyaka" ka karanta ƙananan rubutun, galibi akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu har wata ya ƙare.

Nawa za ku ci a wata? Taron bidiyo na ofis yana cin wajen giga ɗaya a awa, in ka kashe kyamara ya ragu sosai. Kwana tara kake gida a wata. A ce awa uku kake taro kowace rana, giga 27 ke nan, ka ƙara saƙonni da takardu, aikinka ba zai cika wuce 40 ko 50 ba. Ba aikin ne ke cinye data a gidajen da nake zuwa ba. Talabijin ce da aka haɗa da YouTube aka bar wa yara tun safe, wadda a hoto mai kyau sosai tana iya shan giga biyu zuwa uku a awa. Kwamfuta ce da ke sabunta kanta cikin dare. Wayoyi ne da ke kwashe kowane hoto da bidiyo suna turawa ajiya, da zaurukan WhatsApp na dangi da na masallaci da ke sauke duk wa'azin da aka turo ko ba a buɗe ba. Ka rage ingancin hoton talabijin, ka gaya wa kwamfuta cewa layin na awo ne, ka kashe saukewa da kai a WhatsApp. Sau da yawa an kira ni ana rantsuwa kamfani na satar data, na buɗe rauta na tarar da wayoyi goma sha a kai, don an ba ɗan maƙwabci lambar sirri sau ɗaya ranar suna.

Faiba ita ce ta fi ga mai aiki daga gida, in ta iso. MTN da Telecel duk suna ja zuwa gidaje. Ba ta damu da yawan wayoyin unguwa kamar layin iska ba, turawarta tana da ƙarfi, kuma giga ɗaya ya fi sauƙi. Ka ɗaga kai ka dubi turakun layinku, in ka ga ɗan baƙin akwati da siraran wayoyi suna fita zuwa gidaje, alama ce mai kyau. Ka ɗauki lambar adireshin GhanaPostGPS ta gidan ka kai ofishinsu su duba maka kafin ka biya haya. Aibinta biyu ne. Ba ta bin ka in ka tashi, kuma sai mai gida ya yarda a huda bango. Na biyu, ana yanke ta. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa tana kukan yankewa dubbai a kowace shekara, mafi yawa daga masu aikin titi da masu haƙa kwata. Unguwar da ka ga katafila na aiki, ka sa ran ranakun duhu.

Shawarata ga sabon zuwa irinka: wata biyu ko uku na farko ka yi amfani da rauta mai layin waya, kuma ka sayi wadda ba a kulle ta da kamfani ɗaya ba. Akwai wani kamfanin 4G da ya yi tashe a Accra shekarun baya, da ya durƙushe mutane suka wayi gari da na'urorin da ba sa karɓar layin kowa. Kada kuma ka biya ninki don an rubuta 5G a kwali. An yi bikin ƙaddamar da shi a Nuwamban 2024, amma abin da wayarka ta nuna a cikin ɗakinka shi ne naka. Bayan wata uku ka san abin da kuke ci, ka san ko za ku zauna, sai ka yanke maganar faiba.

Za a ce maka Starlink. An ba shi izini a 2024 kuma yana aiki. Na kafa wa mutane, a gonaki da gefen gari inda babu wani zaɓi, ya yi musu rana. Amma kwanon da kayansa dubban sidi ne kafin kuɗin wata, yana son sarari buɗe ba bene ko bishiya a kansa, ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi, kuma yana shan wuta. Rauta ta gida wat goma take ci ko kusa da haka, wato wajen yunit bakwai a wata ko ba a kashe ta. Babban kwanon Starlink yana cin ninkin haka sau bakwai zuwa goma. Ga ciki da falo a Madina bai dace ba, sai in ku huɗu ko biyar za ku haɗa kuɗi, kuma haɗin kuɗin gidan haya ka san inda yake ƙarewa ranar da ɗaya ya ce bai yi amfani da shi ba wannan watan.

Wannan ya kawo mu ga mita. Ka tambaya tun farko: ɗakin yana da mitarsa ta kati, ko ta gida ce ake rabawa? In ta rabo ce, da maki ake lissafi, ƙwan fitila maki kaza, fanka kaza, firji kaza. Ranar da aka gane kana wuni a gida da kwamfuta, za a ƙara maka maki ko a fara yi maka kallon ɓarawon wuta. Kuma mitar da mutane da yawa ke kai tana saurin haye rukunin farashi mai sauƙi, kowa ya biya da tsada. Ko ba a cikin dumso irin na 2015 muke ba, ana ɗauke wuta. Ka sayi ɗan batirin ajiya da ake haɗa wa rauta, yana riƙe ta awanni, kwamfutarka kuma tana da nata. Wannan ɗan abin ya ceci aikin mutane da yawa fiye da janareta.

Layi na biyu daga wani kamfani dole ne, ko da ɗan bandul ne a ciki, kuma duka ka yi musu rajista da Ghana Card ɗinka, kada ka sayi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Amma kada ka zaci ya rufe kowace ƙofa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace lokaci ɗaya a gaɓar yammacin Afirka. Bankuna suka rikice, ofisoshi suka tsaya, aka yi makonni kafin a gama gyara. A wannan makon wayata ba ta huta ba, kowa na cewa in zo in duba rautarsa, ni kuwa jirgin ruwa ne ba ni da shi. Irin wannan ranar ko shugabanka a ofis ya san ba laifinka ba ne. Tunda ma na ambace shi, ka tambaye su ko suna ba da kuɗin data ga masu aiki daga gida. Wurare da yawa suna bayarwa, sai dai ba sa tuna wa wanda bai tambaya ba.

Ka sa kasuwancin matarka a lissafin, don shi ne ya karkatar da ni. Kayanta daga Makola da Nima za ta riƙa saro su, masu sayenta kuma yawancinsu cikin Accra za su kasance. An soke harajin tura kuɗi na E-Levy a Afrilun 2025, wannan ya sauƙaƙa mata karɓar kuɗi ta momo, wato asusun kuɗi na waya. Amma mai babur da zai kai turare daga Kasoa zuwa Adenta ko Spintex zai caji abin da wata mai sayen za ta ce ya fi ribar kayan, ta fasa. Daga Madina ko Maamobi tafiyar gajera ce, kuma ga matan zango a ƙofar gida masu biki da suna kowane mako.

Don haka in ni ne kai, Madina zan fara nema, kusa da titin da trotro ke bi, ba can ciki inda sai an ƙara tasi ko okada kafin a fito ba. Ka tambayi maganar ruwan famfo sosai, don yankin Madina da Adenta ya daɗe da sanin motar tanka, kuma kuɗinta wani haya ne na daban. In kun iya zaman ɗaki ƙarami, Maamobi ko New Town sun fi kusa da ofis. Kasoa sai in ofishinku ya yarda ka riƙa shigowa bayan cunkoso ya lafa, ko ka tabbata nan gaba aikin zai koma gida gaba ɗaya, kuma ɗakin ya ci gwajin dare.

Kafin ka ba kowa ko fesuwa, ka hau bas ɗin VIP daga Asafo ka zo ka kwana uku wurin 'yan'uwa. Ka tashi daga ƙofar gidan da kake so ranar Litinin da safe, a lokacin da za ka riƙa fita in ka fara aiki, ka rubuta lokaci da kuɗi. Ka koma ta hanyar ranar da yamma, daga 37, wajen ƙarfe biyar da rabi. In ka yanke shawara, ka sa a rubuta a takardar haya cewa mai gida ya yarda a ja waya a huda bango, kuma na'urar taka ce in za ka tashi. In kuma ɗakin a Nima ko Maamobi ne, ka ƙara gwaji ɗaya ranar Laraba. Ranar kasuwar Nima ce, motocin hatsi da albasa suna sauke kaya a bakin titi, kuma tafiyar da ka yi cikin minti goma ranar Talata ba za ka gane ta ba.